Wannan ba waƙata ba ce, Yaya

Satin da ya wuce wani yaro ya nemo lambata ya kira ni da daddare, yace shine editan mujallar ɗalibai ta sashenmu na da, wadda muka riƙe lokacin muna jami'a, wai a wata tsohuwar fitowa ya ga sunana shine yace bari ya nemi shawara. Na ji daɗi sosai wallahi don ni na ɗauka mujallar ta daɗe da mutuwa. Bayan mun gaisa sai yace Yaya matsalata ɗaya ce, waƙoƙi sun taru mana jingim amma yawancinsu ba su nuna ba, kuma lokaci ya ƙure, shin in zauna in gyara su da kaina in buga ko yaya zan yi? Na yi shiru har sai da yace hello Yaya kana ji na, nace ina jin ka, ka ba ni zuwa gobe. Ban yi barcin kirki ba a daren nan, sabida tambayar tasa ta tono mini abin da na yi shekaru ina danne shi.

Mu lokacinmu wani kwali ne muke ajiyewa a ƙarƙashin allon sanarwa, mun huda masa baki a sama, duk mai rubutu sai ya ninke takardarsa ya jefa. Wasu su sa suna, wasu su sa laƙabi, wasu ko komai ba sa sawa, kaga mutum ya zo yana waige-waige kamar mai shirin sata ya jefa ya yi gaba da sauri. Mu shida ne a kwamitin, duk yammacin Laraba in an tashi daga lakca sai mu samu ajin da ba kowa mu juye kwalin a kan tebur mu raba, kuma dokarmu ita ce ba a karanta waƙa a zuci, dole mutum ya miƙe ya karanta ta da murya kowa ya ji. Wannan dokar ita ce abu mafi amfani da muka taɓa yi, don waƙar da ta yi kyau a takarda sau da yawa da ka buɗe baki sai kaji harshenka na tuntuɓe a tsakiyar ɗango, wato layi ɗaya na baiti, a nan za ka gane gaɓa ta yi yawa ko kalma ta zauna inda ba gurinta ba.

Abin da ke fitowa daga kwalin kuwa kusan kullum iri ɗaya ne. Waƙar soyayya ita ce kan gaba, masoyiya kamar wata ɗan daren sha huɗu, zuciya na ƙuna, ido ba barci. Sai waƙar uwa, sai ta kukan halin da ƙasa ke ciki, sai ta jarabawa wadda ita kam takan zo da ɗan rai sabida abin da suke ciki ne da gaske. Gajerun labarai ba su cika yawa ba, kuma rabinsu a ƙarshe sai kaji wai ashe mafarki ne, firgigit na farka. Ban faɗi haka don raini ba, ni ma da irin su na fara, kowa da abin da kunnensa ya saba ji yake fara rubutu kafin ya gano muryarsa.

Ni a lokacin kaina ya ɗau zafi da ilimin arulli, wato ilimin awon waƙa na Larabawa. Mun yi kwas a kai, na san Khalil bin Ahmad na Basra ne ya tsara shi tun ƙarni na 8, ya fitar da bahar 15, wato ma'aunan da ake ɗora waƙa a kai, daga baya Akhfash ya ƙara ɗaya suka zama 16, na san yadda marubutanmu suka ari irin su mutaƙarab da kamil da rajaz da ramal suka ɗora waƙa a kai, na iya yanka ɗango in ware gaɓa mai nauyi da marar nauyi ba tare da na duba littafi ba. To kun san ɗan koyo in ya samu sabon makami komai sai ya gwada a kai. Duk waƙar da ta zo ba kari ba amsa-amo sai in ce wannan ai zube ne aka kakkarya shi layi-layi. Akwai wata a kwamitin, 'yar sashen Turanci, da kullum muke kai ruwa rana da ita a kan wannan, ita tace waƙa hoto ce da numfashi, ni nace waƙa awo ce, in ba awo to a kira ta da wani sunan. Har yau ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, ina ganin wanda zai karya awo ya kamata ya fara sanin awon, amma dai yanzu na san ba shi kaɗai ba ne.

Ana cikin haka wata Laraba muka ciro wata takarda da aka yago daga littafin rubutu, har da ɗan ragowar haƙoran nan a gefe, an yi rubutun da shuɗin biro ƙanana-ƙanana. Baiti uku ne kacal, sunan wata ɗaliba 'yar aji ɗaya a ƙasa. Na farkon har yau yana kaina:

Takalmansa na nan a bakin ƙofa
ɗaya ya kife tun ranar
kowa sai ya tsallake ya wuce
ba wanda ya iya gyara musu zama

Da aka karanta ta ajin ya yi tsit, wani a cikinmu ma ya juya yana kallon taga. Kowa ya yarda ta shiga, ba musu. Amma ni da na koma hostal da takardun sai na zauna ina kallon ta, nace a raina kai wannan yarinyar tana da abu a hannu amma ba ta san yadda ake ɗinka shi ba, ba amsa-amo, ɗango wani dogo wani gajere, kuma ko sau ɗaya ba ta faɗi wanda ya rasu ba, ba ta ma ambaci mutuwar ba. Sai na ga ai taimakonta zan yi. Na ɗauki biro na zauna har wajen ƙarfe biyun dare, na daidaita mata ƙafafu, na sa kowane ɗango ya ƙare da "mu", na ƙara mata baiti ɗaya a farko don mai karatu ya gane inda aka dosa, inda nace hawaye na kwarara a idanunmu, tun da mutuwa ta ɗauke babanmu. Takalman ma na mayar da su can baiti na uku. Na kwanta ina jin na yi aikin lada. Ban nemi yarinyar ba, ban nuna wa 'yan kwamiti ba, na kai wa mai buga mana a kwamfuta haka nan, da sunanta a ƙasa.

Ranar da mujalla ta fito muna tsaye a barandar sashe muna rabawa, sai ga wata siririyar yarinya ta zo ta tsaya a gefe riƙe da kwafinta, ta bari sai da mutane suka ragu sannan ta matso ta gaishe ni a ladabce. Ta buɗe shafin ta miƙo mini tace, wannan ba waƙata ba ce, Yaya. Na fara mata bayani, nace ƙanwata ai gyara ne kawai, haka ake yi, kin ga yanzu ta hau kari tana da amsa-amo. Ta bar ni na gama tsaf, sannan tace, ba babana ba ne ya rasu, yayana ne, babana yana nan da ransa, kuma shi na yi niyyar kai wa mujallar in an yi hutu. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta ajiye kwafin a kan bencin da ke kusa da ni ta juya ta tafi, ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, bakina ya mutu, wanda ke kusa da ni yana tambaya lafiya na kasa ce masa komai.

Washegari na je ofishin malamin da ke duba mana mujallar na kwashe komai na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya karɓi takardarta ta asali da tawa ya jera su a kan tebur, ya daɗe yana dubawa, sannan yace karanta mini naka baitin. Na karanta. Yace mutum nawa ne za su iya rubuta wannan? Nace da yawa Malam. Yace nata fa? Na yi shiru. Yace ita ta tsaya a bakin ƙofar ta gani, kai ba ka je gidan ba, to da wane ido ka gyara mata? Daga nan ya nuna mini abin da ban lura da shi ba sam, wai rashin faɗin sunan mamacin shine ƙashin bayan waƙar, sabida mutanen gidan ma sun kasa faɗa, kamar yadda suka kasa taɓa takalmin, waƙar tana tsallake sunan ne kamar yadda suke tsallake takalmin. Ni kuma na zo na cike ramin da ta bari da gangan, na cike shi da ƙarya ma.

Malamin nan ne ya fara ba ni labarin irin waɗannan mujallu a wasu jami'o'in, daga baya na bi na karanta da kaina. A Ibadan akwai The Horn wadda J. P. Clark ya fara a 1958 yana ɗalibi, da goyon bayan wani malaminsu Bature, Martin Banham, kuma ba wata maɗaba'a ba ce ta buga ta, da injin gurza takarda na ofis ake fitar da ita, 'yan shafuka kaɗan, amma a cikinta waƙoƙin Wole Soyinka da Christopher Okigbo suka fito tun duniya ba ta gama sanin su ba. Kafin ita ma Chinua Achebe yana ɗalibi a nan Ibadan ɗin ya riƙa rubutu a University Herald tun 1950, har ya zama editanta, shekaru kafin littafinsa na farko ya fito a 1958. A Makerere ta Yuganda akwai Penpoint, a nan Ngugi wa Thiong'o ya fitar da gajeren labarinsa na farko a 1960, lokacin ana kiransa James Ngugi. Granta ma da yanzu marubutan duniya ke rububin shiga, ɗaliban Kambirij ne a Ingila suka kafa ta a 1889 a matsayin mujallar makaranta. Abin da ya tsaya mini a rai ba wai girman sunayen ba ne, tunanin da na yi shine a ce editan Penpoint ya karɓi labarin yaron nan ya zauna cikin dare ya sake masa shi yadda shi yake so, ya buga da sunansa, anya yaron zai sake kawo wani? Kuma ko ya kawo, muryar wa za mu ji? Waɗanda suka zama wani abu a cikin masu rubutu a irin mujallun nan 'yan kaɗan ne, sauran sun zama malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa sun bar rubutu, amma edita ba shi da hanyar sanin wanene wane a ranar da ya juye kwali, duk takardun iri ɗaya ne, duk an ninke su huɗu.

Daga wannan fitowar muka canza tsari, ni na kawo shawarar kuma ba wanda ya ja. Ba a taɓa ko wasali ɗaya a rubutun mutum sai yana zaune. In mun ga abin gyara sai mu sa alama da fensir a gefe, mu aika a kira shi, a zauna. Aiki ne mai cin rai, don wani sai ka yi sati kana nemansa, wani ya zo da fushi tun daga ƙofa, fitowar da muke gamawa a wata ɗaya sai da ta kai mu kusan ƙarshen zango, kuma shafukan suka ragu. Amma a wannan zaman ne na ga abin da mujallar take yi wa mutane da gaske.

Akwai wani ɗan aji biyu da ya kawo labari shafi tara a kan talauci, cike da manyan kalmomi, kana gani ka san ƙamus na gefensa lokacin da yake rubutawa, talauci annoba ne, talauci guguwa ce mai tumɓuke al'umma, haka dai har ƙarshe, ba mutum ko ɗaya a ciki mai suna ko fuska. A da da na jefar ko in gyara. Sai na zaunar da shi nace ɗan'uwa ni ban ga kowa a labarin nan ba, kai me ka gani da idonka da ya sa ka rubuta? Ya yi ta kewaye-kewaye, can dai ya sunkuyar da kai yace abokin ɗakinsa ne, riga ɗaya gare shi ta shiga aji, kullum da dare sai ya wanke ta ya shanya a jikin ƙarfen gado, in ba ta bushe ba da safe sai yace kansa ke ciwo ba zai je lakca ba, kuma duk ɗakin sun sani amma kowa sai yace masa Allah ya sawwaƙe. Nace to me ya hana ka rubuta wannan? Ya ɗago yana kallona da mamaki yace au, wannan ma ana rubutawa? Wallahi wannan tambayar tasa na ji ta a bakin ɗalibai ya fi a ƙirga, kowa da irin tasa, sun ɗauka adabi wani abu ne can sama da sai ka sa babbar riga kafin ka shiga, abin da ke gabansu kuwa sun raina shi. Bayan sati biyu ya dawo da shafi uku, ya canza komai yadda ba za a gane abokin nasa ba, kuma shi da kansa ya cire jimlar ƙarshe da ya yi wa'azi a ciki tun kafin in yi magana.

Yaron da ya kira ni ya ce wasu na ce masa wai mujallar ba ta da sauran amfani tunda kowa na iya ɗora waƙarsa a Facebook ko WhatsApp cikin minti ɗaya. Ni ban ƙi wannan ba, ni ma ina ɗorawa, kuma mutane da yawa ta nan suka samu masu karatu da ba za su taɓa samu ba. Amma ka ɗora waƙa, me za ka samu? Masha Allah, fasihi, Allah ya ƙara basira, alƙalaminka ya fi takobi. Mutum ɗari su yaba ba wanda zai ce maka ɗango na uku ya yi rauni, ko ya tambaye ka me kake nufi a nan, sabida ba wanda ke son ɓata zumunci a bainar jama'a. A mujalla kuwa akwai jira, ka jefa takarda ka yi sati uku gabanka na faɗuwa, akwai mutum shida da suka karanta ta da murya suka yi gardama a kanta, akwai yiwuwar a ce maka ba ta shiga ba ka sake. Wannan "ka sake" ɗin in an faɗe shi da mutunci kuma aka nuna maka dalili, ban san wani abu da ya kai shi gina marubuci ba. Sai dai fa a faɗa, kar a yi shiru, don mun taɓa yin wannan kuskuren ma, mu ƙi ɗaukar rubutu mu ƙi cewa komai, mutum ya sayi mujalla ya bi shafi-shafi yana neman sunansa har bango.

Satar fasaha kam ba a rasa ta, kusan kowace fitowa sai mun kama ɗaya ko biyu, wani ya kwafo baitin wani tsohon mawaƙi ya canza kalma biyu, karatu da murya ne ke tona su don a cikin mutum shida ba a rasa wanda kunnensa ya taɓa ji. Kuɗin bugu kuma kullum cikin roƙo muke, wannan ba sai na tsaya a kai ba, duk wanda ya riƙe mujallar ɗalibai ya san shi.

Da gari ya waye na kira yaron na ba shi labarin nan kaf kamar yadda na rubuta shi a nan. Nace masa in lokaci ya ƙure ka buga guda goma da masu su suka yarda da kowace kalma a ciki, ka bar sauran zuwa fitowa ta gaba, mujalla siririya ba abin kunya ba ce. Kuskuren rubutu da ƙa'ida ka nuna wa mai shi ya gyara da hannunsa, in ka ga ɗango ya karye ka karanta masa da murya ya ji da kunnensa, in yace haka yake so to ko ka ɗauka haka ko ka bari, amma biro ɗinka kar ya shiga cikin baitin wani. Ya tambaye ni yarinyar fa, ya kuka ƙare? Nace a fitowa ta gaba mun sake buga waƙarta yadda ta rubuta ta, harafi da harafi, na sa ban-haƙuri a ƙasa da sunana. Na kai mata kwafi da kaina ƙofar ajinsu, ta karɓa da hannu biyu tace na gode Yaya, Allah ya saka. Amma ba ta sake jefa komai a kwalin ba har na gama makarantar, duk Laraba in mun juye sai na duba ko zan ga shuɗin biron nan da ƙananan haruffa. Ban san ko ta ci gaba da rubutu a wani gurin ba, ina dai fata, ina kuma yi mata addu'a ita da yayan nata.

Kafin mu yi sallama na roƙe shi abu ɗaya, nace duk fitowar da suka yi su kai kwafi biyu laburare a sa musu lamba a ajiye, kuma su adana ta a kwamfuta a guri fiye da ɗaya, don mu ba mu yi ba, kowane kwamiti in ya gama sai ya watse da nasa a jaka. Yace ai kuwa ya duba sashen kaf fitowa biyu kawai ya samu daga zamaninmu. Ni ina da huɗu a cikin wani tsohon akwati, na yi masa alƙawarin zan yi fotokofi in aika masa cikin watan nan in sha Allah. Wadda babu ita ce ta uku, wadda aka sake buga waƙar takalman a ciki, na ba wani aro tun shekarar da muka gama bai dawo da ita ba. In akwai wanda muka yi zamani tare da yake karanta wannan kuma yana da ita, ko da bangon ya cire ne, don Allah ya neme ni.